Ina Motocin Farko Na Damagaram Suka Shiga?

Baƙon da ya sauka Damagaram ya ce a nuna masa tarihi ba zai rasa abin kallo ba. Za a kai shi Birni ya ga abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun, a shiga da shi fada, sannan a zaga da shi Zango ya ga gidajen attajiran da suka yi fatauci da Tarabulus. In ya dace da hawan salla, ga dawaki, ga lifidi, ga kakaki, kamar yadda kakanni suka bar mana. Amma in ya ce a nuna masa irin motar da ta fara kwasar gyaɗar Magarya zuwa Kano, ko wadda ta fara ratsa yashin Damargu ta nufi Agadas, sai a tsaya ana kallon-kallo. Ni haifaffen Zango ne, a gidan mota na tashi, kuma ban taɓa yin ido biyu da ɗaya daga cikinsu tana tsaye a kan ƙafafunta ba. Wannan rashi yana damuna, domin a ganina babu abin da ya sauya rayuwar talakan Damagaram a ƙarni na 20 kamar mota, kuma babu abin da muka yi wa riƙon sakainar kashi kamarta.

Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta, arzikin ƙasar nan a bayan raƙumi yake. Ayari kan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gat, ya keta Azbin da Damargu, ya sauke a Zango bayan watanni a hanya. Yana kawo takarda da tufafi da duwatsun wuya da bindigogi, ya koma da gashin jimina da jemammun fatu, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Daga Kawar kuma Buzaye na kawo gishirin Bilma da dabino su musanya da gero. A zamanin Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, garin ya bunƙasa har maƙeransa na zuba igwa, ana haɗa albarushi a gida. Amma duk wannan ciniki da takun dabba yake tafiya. Raƙumi mai ƙarfi kan ɗauki kilo 150 ko kusa da haka, mai jaki kuwa in ya tashi zuwa Kano, tazarar kimanin kilomita 240, sai ya fi mako yana tafe.

Faransawa sun ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma a shekarar aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Amma shekarar da ta karya ayari ita ce 1911. A cikinta layin dogo ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da ake shan wahalar ratso hamada da su suka koma shigowa ta teku da jirgin ƙasa a kan kuɗi kaɗan. Yaƙin Kawusan na 1916 da 1917 ya zo ya cinye raƙuma ba adadi, ya tarwatsa Buzayen da ke riƙe da hanya. Damagaram da ta saba fuskantar arewa sai ta juyo kudu. Turawa na son gyaɗa, ga harajin da dole a biya da kuɗinsu, don haka manoman Magarya da Matamaye da Kance suka duƙufa ga nomanta. Sai dai dogo bai tsallako iyaka ba. Tsakanin rumbun manomi da tashar jirgi akwai doguwar tafiya, kuma wannan gurbi ne mota ta zo ta cike.

Motocin da littattafan Turawa suka fi yi wa tambari su ne guda 8 na kamfanin Citroën, waɗanda aka ɗaura wa faffaɗan bel a madadin tayoyin baya don kada su nutse a yashi. Sun tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924 ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka biyo ta Yamai da Tasawa suka iso Zinder kafin shekarar ta ƙare. Mai zanen da ke tare da su, Alexandre Iacovleff, ya zana hoton sarkin lokacin, Barma Mustafa, wanda bai daɗe da hawa gado ba. Aka ɗauki fim, suka nufi tafkin Cadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a Madagaska a Yunin 1925. Waɗannan baƙin kwana kaɗan ne. Motocin da suka zauna suka yi dako har suka tsufa a hannun mutanenmu, na Amurka ne.

Dalili a fili yake. Manyan motocin Turai na lokacin suna da nauyi, a burji su farfasa hanya, a yashi su kafe. Amurka kuwa a farkon ƙarni na 20 cike take da hanyoyin ƙauye masu laka da ramuka, kuma don irinsu aka ƙera motocinta. Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908 aka daina a 1927 bayan an ƙera fiye da miliyan 15, ba ta da nauyi, cikinta ya yi nesa da ƙasa, injinta mai silinda 4 yana da ƙarfin doki 20. Ba ta da famfon mai. Da kansa mai ke gangarowa daga tanki zuwa inji, shi ya sa a tudu mai tsayi direba kan juya ya hau da baya. Ga ta da araha: daga dala 850 farashinta ya faɗo zuwa 260 a 1925. Bayanta aka fito da Model A da 'yar'uwarta ta dako Model AA, Chevrolet ta amsa da inji mai silinda 6 a 1929, Ford ta rama da V8 a 1932. Irin waɗannan, da Dodge, su ne suka cika hanyoyin Najeriya da Gana tsakanin yaƙoƙin duniya biyu. Mu kuwa Kano ce kasuwarmu. Yamai, wadda aka mayar wa hedikwatar mulki daga Zinder a 1926, tana nesa da kusan kilomita 900, Kano kuwa ga ta a bakin ƙofa. Motar da Kano ta hau ita Damagaram ta hau, domin can kayan gyaranta suke.

Hanyoyin da motocin suka bi da gumin talaka aka yi su. Kwamandan Faransawa ya aiko wa sarki, sarki ya aika wa masu gari a ba da mutum kaza. Maza su sare itatuwa, su tone kututture, su ɗauko marmara a kwando bisa kai, ba lada, sau da yawa ma da guzurinsu. Kakata ta wajen uwa 'yar wani ƙauye ce a kan hanyar Magarya, kuma har ta rasu in ta ji ƙugin kamiyo sai ta kawo labarin shekarar da aka kwashe mazan garinsu ana tsakiyar girbi. Ba a soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Fetur kuwa a garwa yake zuwa, biyu-biyu cikin akwatin katako, kuma garwanin nan ne 'yan ga-ruwa suka gada. Daga 1933 kamfanin SATT na Georges Estienne ya fara jigila daga bakin tekun Aljeriya ta Tamanrasset da Agadas da Zinder har Kano, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Garejin kawuna

Abin da na sani game da rayuwar waɗannan motoci daga bakin kawuna na ji shi, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ya shiga harkar yana saurayi bayan yaƙin duniya na biyu, a matsayin karen mota a wata Chevrolet ta dako da aka shigo da ita tun kafin yaƙin. Ya ce irinsu ba sa zuwa da jiki. Inji ne da kai da ƙashin ƙarfe a kan tayoyi, sai kafintoci su gina musu bodin katako, su kafa benci a gaba don masu hali, sauran jama'a su hau bisa buhunan gyaɗa. Batir ba ya daɗewa a zafinmu, don haka aikin yaro ne ya riga kowa tashi, ya cika lagireto daga salkar da ke rataye a gefe, ya zura ƙarfen tayarwa a hancin mota ya murɗa. Na sha ganin kawu yana kwatanta murɗawar da hannu wofi: babban yatsa a haɗe da sauran, kada a zagaye ƙarfen da shi, a fizgo sama, kada a danna ƙasa. In inji ya yi tutsu ya dawo da ƙarfen baya, wanda ya riƙe ba daidai ba sai ya tashi da karaya. Wuyan hannunsa na dama a karkace yake tun wannan zamani. A hawan tudu yaro na gudu a gefe da waigi, da mota ta ja numfashi ya cusa shi bayan taya. A yashin hanyar Tanut kuwa sai a rage iskar tayoyi, a sauke fasinja, a shimfiɗa tabarmi da rassan itace, kowa ya sa kafaɗa.

Maigidan kawu, mai Chevrolet ɗin, ya gaya masa cewa shekarun yaƙi ne suka mai da direbobin Damagaram makanikai. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun gwamnatin Vichy, Najeriya na hannun Ingila, hanyar Kano ta toshe in ban da ta 'yan fasa-ƙwauri. A Fabrairun 1942 Amurka ma ta dakatar da ƙera motocin farar hula, masana'antunta suka koma kayan yaƙi. Ba sabuwar mota, ba kayan gyara, mai kansa ya yi wuya har a yankunan Faransa aka riƙa ɗora wa manyan motoci tukunyar gawayi, iskar da take fitarwa ta maye gurbin fetur. Wanda motarsa ta lalace ba shi da wurin zuwa sai maƙera da dukawa. Ƙira sana'ar gado ce, don haka gidajen da suka yi wa Tanimun aikin ƙarfe su ne suka koma gyaran sifirin da ƙera kusoshi, dukawan da suka yi suna da sirdi da jakunkuna kuma suka riƙa yanko fata a madadin bel ɗin fanka.

A wannan makaranta kawu ya yi karatu, da ita kuma ya riƙe garejinsa har tsufa. Ina yaro a shekarun 1970 akan aike ni kai masa abincin rana, in zauna bisa tsohuwar taya ina kallo. Na ga ya ɗora kwalin sukari a bakin famfon ruwa, yana bubbuga gefen da ƙaramar guduma a hankali har kwalin ya yanke daidai da siffar ƙarfen, ramukan kusoshi ma suka fito, ya shafa giris ya ɗaure, ruwa bai ƙara ɗiga ba. Yakan kafa dogon sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya yi tsit, sannan ya ɗago ya ce da yaronsa, "Kai, buɗe na uku, shi ke kuka." A buɗe a tarar haka ne. In mai mota ya matsa a sayo sabon abu daga Kano, sai ya ce, "Alhaji, bari mu ga abin da Allah zai yi da na jikinta tukuna." Wata rana na tambaye shi, "Kawu, wa ya koya maka duk wannan?" Ya ce, "Babu ce ta koya mini, ɗana. Wanda ke da kanti kusa ba ya koyon gyara."

Chevrolet ɗin nan ta dawo hannunsa bayan rasuwar maigidan, kuma rayuwarta ta biyu ita ce abin da nake son mai karatu ya lura da shi. Bayan yaƙi an sami ragowar motocin sojan Amurka, Dodge da GMC, daga baya Berliet da Citroën da Renault na Faransa suka mamaye kasuwa, sannan Land Rover da Peugeot 404 bashe da Marsandi. Kawu bai yar da tsohuwarsa ba. Da injinta ya gaji ya ciro na wata motar soja, ya sake huda mazauni ya dasa mata. Ya mai da wutarta daga volt 6 zuwa 12 don a huta da murɗawa, ya ƙara wa sifirin kauri, ya sa mata fitilun Peugeot, ya sa aka sake mata bodi. Da doguwar tafiya ta gagare ta sai ta koma cin kasuwanni, Mirya ranar Lahadi, Kasuwar Dole ranar Alhamis. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, suka kashe dakon da take rayuwa a kansa, daga nan aka jingine ta a bayan gareji.

Mota a Damagaram ba a binne ta, rarraba ta ake yi. Aksil ɗin gaba ya tafi ƙarƙashin amalanken shanu. Sifirin ya koma maƙera, don babu ƙarfen da maƙeri ke so kamarsa, daga gare shi ake fitar da wuƙa da gatari da takobi. Tayoyi suka zama takalman makiyaya da manoma, tub ya zama guga a bakin rijiya, katakon bodi ya shiga murhu. Hikimar mutanen da ba su da abin zubarwa ce, kuma ina girmama ta. Amma sakamakonta shi ne babu abin da ya rage a dunƙule da za a nuna wa na baya. Ƙashin ƙarfen da kan motar sun daɗe a bayan garejin awaki na shan inuwarsu, har shekarun 2000 da ƙarfe ya yi tsada a duniya, masu sayen gwangwan suka bazu lungu-lungu da sikeli. Da aka zo rabon gadon kawu, a kilo aka auna ta. Haka takwarorinta suka tafi a Zinder da Maraɗi da Kano, aka narke su.

Yadda wasu ke yi da nasu

A ƙasar da aka ƙera su kuwa, irin waɗannan motoci suna nan da ransu, kuma raya su sana'a ce mai zaman kanta. Tun 1935 aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, kuma kowace Oktoba garin Hershey na jihar Pennsylvania kan cika da masu saye da sayar da tsofaffin sassa. Masu wannan aiki sun kasu biyu. Na farko suna mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, launin fenti, ɗinkin kujera, har irin kusar da aka ɗaure ta da ita. Na biyu suna barin jiki da siffarsa ta asali, amma su sabunta ciki. Sai su ɗauko Ford ta 1932, wadda ita ce 'yar gatan masu wannan ra'ayi tun bayan yaƙi, su kwance ta har sai ƙashi ya rage, su kankare tsatsa, su yanke ruɓaɓɓen ƙarfe su yi walda da sabo. Sannan su dasa mata injin V8 na zamani, su cire birkinta na sanda, domin Ford ba ta koma birkin mai ba sai a 1939, su sa na faifai, su mai da wuta volt 12, wani har da na'urar sanyaya ciki. A ido motar shekara 90 ce, amma in ta hau titi ba ta barin 'yar bana ta wuce ta.

Ranar da wani ɗan ƙanena ya nuna mini bidiyon irin wannan aiki a wayarsa, yana jinjina gwanintar Turawa, na ce ya lissafa mini abin da suka yi ɗaya-ɗaya. Ya ce sun sauya inji, sun sauya wuta, sun ƙarfafa sifirin, sun sabunta fitilu. Na ce masa duk waɗannan kawu ya yi wa Chevrolet ɗinsa a ƙarƙashin rumfar kwano, ba littafi, ba abin ɗaga mota sai jak da duwatsu. Gwaninta muna da ita, a niyya muka bambanta. Su suna gyara ne don motar ta kai ga jikoki, suna ajiye takardunta da hotunanta da sunan duk wanda ya taɓa mallakarta. Mu muna gyara ne don ta kai kasuwar gobe, ranar da ta kasa kuwa mun gama da ita.

Na san abin da za a ce: wannan wasan masu ƙoshi ne, garin da har yanzu ake bin layin ruwa ina shi ina kiwon tsohuwar mota? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a dubi Kyuba, wadda ba ƙasar masu kuɗi ba ce. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata tun farkon shekarun 1960 ya raba ta da kayan gyara daga can, makanikanta suka yi irin dabarar namu, suka dasa wa Chevrolet da Ford na shekarun 1950 injunan dizal na wasu ƙasashe. Yau motocin nan ne ke ɗaukar baƙi a Habana, suna ciyar da iyalai, domin masu su sun gane cewa tsufan ma dukiya ne. Mu ma mun san haka a wasu abubuwa. Ba wanda zai yarda a auna takubban fada a kilo, kuma tun 2006 Birni da fadar sarki suna cikin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Tarihin sarakuna da na malamai mun riƙe shi. Na direba da karen mota da bakanike, waɗanda suka yi shekara ɗari suna ɗaukar abincin ƙasar nan, shi ne muka saki.

Motocin kafin yaƙi sun riga sun tafi, sai dai in wani na da ragowar ɗaya a kango. Amma sahu na biyu ma ya kama hanya. Peugeot 404, da aka fara ƙerawa a 1960, ta haura shekara 60. Ita da 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa haɗawa daga 1975, da Land Rover da ke jigilar mutanen Damargu ranar kasuwa, da tsofaffin Berliet, duk suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kasuwa ta ƙara karkata ga motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, na yanzu kuma kwamfuta ce ke sarrafa injinsu. Yaron gareji na yau cirewa da sakawa yake koyo, ba ya koyon ƙera abin da ya rasa. Garin da ake kawo wa fetur a garwa, tun Nuwamban 2011 yana da matatar SORAZ a arewacinsa, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Yaran da aka haifa bayan buɗe ta ba za su san nisan da aka yi daga garwa zuwa matata ba, in ba a bar musu abin da za su gani su taɓa ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. A sami fili da rumfa a cikin gari a ajiye mota ɗaya daga kowane zamani. Wadda za a ajiye don kallo a bar ta yadda aiki ya mai da ita, da bodinta na katako da rubutun goshinta da facin da makanikanmu suka yi mata, domin a facin nan namu tarihin yake, kada a goge shi da sunan mayar da ita sabuwa. A ware ɗaya ko biyu a sabunta musu birki da inji da wuta, matasa masu koyon sana'a su yi aikin ƙarƙashin tsofaffin makanikai, motocin su riƙa fitowa ranar salla suna ɗaukar baƙi daga Birni zuwa Zango. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan malamin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, su ɗauki wayoyinsu su zauna da tsofaffin direbobi a tasha su naɗi muryoyinsu: wa ya koya musu, wace hanya suka bi, nawa ake biyan buhu daga Magarya zuwa Kano. Waɗanda suka yi karen mota a shekarun 1950 yau sun haura 80, kuma ba su da yawa.

Ina miƙa wannan kira ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, da ƙungiyoyin masu sufuri, da attajiran garin nan, waɗanda da yawansu arzikin gidajensu daga mota ya faro. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwar mota a bayan gidanku, kafin ka kira mai sikeli ka ɗauki hotonta, ka tambayi dattawan gida labarinta ka rubuta, sannan ka nemi wanda zai iya riƙe ta. Kuɗin ƙarfenta ba zai kai ka ƙarshen wata ba, in kuma ta shiga wuta babu mai sake ƙero maka ita.